Na Yi Wa Na'urar Awon Fitsari Dabarar Dillalan Shanu, Na Dawo Gida Da Roba

Edita, Allah Ya ƙara maka lafiya, kai da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, ina girgiza kai, ina cewa ni dai ba za a ga irin wannan wauta a wurina ba. To yau ga tawa na kawo da kaina.

A lokacin da abin ya faru shekaruna hamsin da takwas, ina da shago a Haɗeja inda nake sayar da injinan ban ruwa da tiyo da kayan gyara. Ban gaji shagon a wurin kowa ba. Da dakon buhun shinkafa na fara, na koma gyaran inji a gindin bishiya, har Allah Ya buɗa na fara saro sababbi daga Kano. Manoman fadama, masu alkama da masu shinkafa da masu tattasai, sun san ni da abu ɗaya: in an kawo mini inji ba sai na kwance shi ba. A tayar da shi kawai, in tsaya in ga yadda ruwa ke fita daga bakin tiyo, in gaya wa mai shi abin da ke damunsa. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san cewa ba rashin sani ya kai ni ba. Duk garin nan in akwai wanda ya kamata ya gane ma'anar ruwa ya rage ƙarfi, ni ne.

Kusan shekara uku na yi ina ganin canji a fitsarina ina kawar da kai. In na tsuguna sai na jira kafin ya zo, in ya zo siriri ne kamar zare, ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. In na tashi sai in ji kamar ban yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan na yi tsarki na ɗaura wando, na yi alwala, ina shiga sahu sai in ji ɗigo. Mutumin da shekara da shekaru ba ya rasa sahun farko, na koma tsayawa can baya kusa da ƙofa don in samu hanyar zamewa. Maimakon in nemi likita sai na rage shan ruwa, a zafin Haɗeja, ina yini da busasshen baki wai ina maganin matsala.

Da na ɗan ɓara maganar a majalisarmu ta bayan La'asar, ranar na gane kowa likita ne a garin nan. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya rantse basir ne ya danne jijiya, wani ya ce daɗewa a kan babur ne. Na sha jiƙo, na sha tsimi, na sha garin da ake damawa da nono, na sayi na masu mota da lasifika wanda suke cewa yana maganin cuta arba'in. Wata bakwai cikina yana aiki kamar na jariri, fitsari kuwa yana nan yadda yake, sai abin da ya yi gaba. A wannan majalisa kuma na kwaso maganar da ta fi duk jiƙon illa. Wani ya ce duk wanda ya yarda asibiti suka yi masa aiki a wurin nan, to ya gama zama namiji, sai dai ya zama ɗan'uwan matarsa. Ba wanda ya tambaye shi wa ya gani, ko a ina. Ni ma ban tambaya ba, na dai ɗauka na adana a zuciya, na ce ko me za a yi wuƙa ba za ta taɓa ni ba.

Maiɗakina ce ta kawo ƙarshen ɓoye-ɓoyen. Ita ke wanke wandunana, ita ke ganin yadda nake shiga bayi da buta a yi ta jirana abinci yana hucewa. Wata safiya ta ajiye mini koko ta ce ta gaji da yin kamar ba ta gani, ko in je asibiti a makon nan ko ta je ta gaya wa yayana. Na san ta, in ta faɗa za ta aikata, yayana kuwa ko a gaban surukaina zai iya yi mini faɗa. Na je. Likitan da na gani a nan gida ya duba ni ya ce akwai wani nama da ke kewaye da bakin mafitsarar kowane namiji, suna kiransa furostet, in shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanya. Ya ce yana zargin nawa ya girma, amma yana so in je Kano a auna gudun fitsarina kafin a san abin yi.

A Kano na samu wani likita matashi, sa'an ɗana na fari, mai magana a hankali. Da ya ji sana'ata sai ya ce ai ya huta, ba sai ya yi dogon bayani ba. Ya ce mafitsara inji ce, hanyar fitsari tiyo ce, na'urar kuwa mazurari ne kawai da zan yi fitsari a ciki, ita kuma ta lissafa yawan abin da ke zuba a kowace daƙiƙa, ta zana shi a takarda. Mai lafiya zanensa yakan hau kamar tudu ya sauko, wanda hanyarsa ta matse nasa yakan kwanta ya yi ta ja. Ya ce in lambar ta haura goma sha biyar ba damuwa, in ta gaza goma to akwai alamar toshewa, sai a zauna a duba ko magani ko aiki. Ya faɗi magani, ya faɗi aiki. Ni aiki kawai kunnena ya kama, da lambar nan goma.

Aka haɗa ni da wani ma'aikacin jinya ya kai ni wani ɗan ɗaki. Ga mazurari a kan ƙarfe, tsayinsa ya kai cinyata, ga wani bokiti a ƙasa. Ya ce, Baba, ka tsaya nan ka yi yadda ka saba, ya ja ƙofa ya fita. Yadda na saba? Ni tun da na yi wayo ban taɓa fitsari a tsaye ba. Mahaifina ya taɓa zane ni a kan haka ina yaro. Na tsaya riƙe da babbar riga a haɓa, ina tsoron fantsali, ina jin takun mutane a bayan ƙofa. Ga shi kuma kafin in shigo asibitin na bi ta masallaci na rage abin da ke marata, don kada in ji kunya a gaban likita. Da ƙyar na samar da abin da bai cika kofin shayi ba. Ma'aikacin ya dawo ya duba ya ce wannan bai isa na'ura ta yanke hukunci ba, in dawo mako mai zuwa, in sha ruwa daidai, in zo da mara a cike yadda nakan ji in lokacin zagayawa ya yi. Na fito ina huci. Tafiyar awa uku, na rufe shago ranar da manoma ke shirin alkama, don in tsaya kamar ɗan tasha in yi fitsari a bokiti, a ce kuma ban iya ba.

Ina da amini tun muna samari, Bafulatani ne, dillalin shanu a Malam Madori. Ni kuwa kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, don haka tsakaninmu ba a gaisawa sai an taɓa juna. Shi kaɗai na ba labarin abin da ya faru. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe akwai jarrabawar da Babarbare zai faɗi ko da ya zo da amsa a cikinsa. Da ya gama sai ya gyara zama ya tambaye ni, ba ƙarfin zuba suke aunawa ba? Na ce shi ne. Ya ce to wane dillali ne yake kai saniya kara da ƙishirwa? Ana gobe kasuwa ka ba ta kanwa ta lasa, da safe ta sha ruwa har ta ƙoshi, ta shiga kasuwa cikinta ya fito, fatarta tana sheƙi, mai saye ya ga abin da yake son gani. Ya ce ni ma in cika tankin sosai, in ya so ruwa ya fito da ƙarfi, lamba ta haura goma, likita ya ba ni ƙwayoyi in dawo gida da mutuncina.

Da zan ce shi ya ruɗe ni da na yi masa ƙarya. Maganar ta zauna mini ne don ni ma haka nake yi. In zan gwada wa manomi inji, nakan cika shi da ruwa tukuna, in ajiye shi daf da bakin kududdufi, in sa masa gajeren tiyo, ruwa ya yi tsalle mai saye ya yi murmushi. Ba ha'inci nake kiransa ba, iya talla ne. Sai na ga ai wannan ma talla ne, jikina ne hajar, likita ne mai saye.

Ranar komawa aminin nawa ya ce shi zai kai ni a motarsa, wai bawa ba ya tafiya babu ubangidansa. Na karya da kunun kanwa kwano guda, na bi shi da shayi kofi biyu. Maiɗakina ta tsaya tana kallona, ta ce ita dai ta ji an ce a sha ruwa daidai, na ce mata harkar maza ce. Muka ɗauki jakar ruwan leda muka sa a tsakaninmu. Kafin mu yi nisa da gari na sha huɗu. Muna wuce gonakin shinkafa, ga ruwa kwance hagu da dama, ga injinan ban ruwa suna ta feshi a bakin hanya, wasu ma ni na sayar da su, kowanne kamar da gayya yake yi mini. Kafin rabin hanya marata ta ɗaure tamau. Kowane rami muka faɗa sai na ji shi har ƙwaƙwalwa. Shi kuwa gogan yana tuƙi yana ba ni labarin yadda rafi ke gudu a rugarsu da damina, yana kwaikwayon ƙararsa da baki. Da ya ga gumi ya jiƙa mini hula sai wasan ya fita daga ransa, ya rage gudu ya ce in sauka in ɗan rage. Na ce ba zan zubar da jarina a bakin titi ba, ya taka mota. Na ƙara leda biyu a kai don taurin kai.

Mun isa asibiti na tarar da layi, mutum biyar a gabana. Ban iya zama ba, ban iya tsayawa ba, na dafa bango ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da layi ya zo kaina na shiga ɗakin nan da saurina, na tsaya gaban mazurari, yau ko kunyar tsayuwar ban ji ba, na ce to bisimilla. Shiru. Na yi nishi, na danna mara da hannu, na tsuguna a ƙasa ko zai zo yadda ya saba, na sake miƙewa. Ko ɗigo. Ruwan da na yi awa biyar ina tarawa yana nan a cikina kamar dutse, ƙofa ta rufe gaba ɗaya. Ban san lokacin da na fara buga ƙofa ina kiran ma'aikacin ba. Da ya taɓa marata ya ji yadda ta kumbura har kusa da cibiya, sai ya ruga ya kira likita.

Ba zan ba da labarin yadda ake sa wa namiji robar fitsari ba, wanda ya sani ya sani. Abin da zan ce shi ne, ni da na ƙi tsayawa ni kaɗai a ɗaki a rufe don kunya, sai ga ni kwance a gaban mutum uku ina roƙonsu su yi sauri. Abin da ya fita ya fi lita guda. Da na dawo hayyacina likita ya ja kujera ya tambaye ni me na sha. Na lissafa masa, har da kanwar, har da dalilin. Da na gama sai ya ce:

"Alhaji, in manomi ya kawo maka inji yana wahala, ya ɓoye maka cewa ciyawar kacalla ta toshe masa magudana, wa ya cuta?"

Ya ƙara da cewa mafitsara nama ce, in aka cika ta fiye da ƙima sai ta saki, ta kasa matsawa, balle tawa da ta yi shekaru tana turawa ta ƙofar da ta ƙuntata. Cikawar da na yi ba ta ƙara mata ƙarfi, kashe ta take yi. Ya ce ita na'urar ba jarrabawa ba ce da ake ci ko a faɗi, so suke su ga fitsarina na kullum, mai rauninsa, don shi ne zai gaya musu gaskiya. Da na kawo kukan tsayuwa kuwa, sai ma'aikacin ya buɗe wani labule a ɗakin awon ya nuna mini kujera mai rami, da ake sa mazurarin a ƙarƙashinta don masu zama. Tana nan tun zuwana na farko. Ya ce, Baba, ai da ka faɗa. Wallahi wannan kujera ta fi robar ɓata mini rai.

Na dawo Haɗeja da roba a jikina da jaka ɗaure a cinya. Aminin nawa bai yi magana ba har muka shigo gari, ban taɓa ganin Bafulatanin nan ya yi shiru na awa uku ba. A ƙofar gida ya ce in yafe masa, na ce ya bari, shi saniya ya sani, ni ne mai inji. Maiɗakina ta ga yadda nake taka ƙasa, ta kalli ƙasan rigata, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗauko bokiti ta ajiye a gefen gado ta tambaye ni sau nawa ake zubarwa. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

An ba ni ƙwayoyi, bayan mako biyu aka cire robar a gwada ko zan iya da kaina. Ban iya ba, aka mayar. Aka sake gwadawa, aka sake mayarwa. Gwajin jini ya nuna ƙodata ta fara jin jiki, hoton ciki ya nuna mafitsarar ta yi kauri saboda daɗewa tana fama. Haka na yi kusan wata uku, kakar alkama ta zo ta wuce ina zaune a kan tabarma a shago, ban iya ɗaga ko ƙaramin inji ba, ina lulluɓe da babbar riga ina fargabar kada jaka ta yi wari a gaban mutane. Na je na tambayi malami yadda mai irin lalurata zai yi da salla, ya ce in yi alwala ga kowace salla in yi abata, Allah Ya san halin da nake ciki. Ashe ko ɗigon da ya kore ni daga sahun farko shekara uku yana da hukuncinsa mai sauƙi, ban tambaya ba. 'Yan majalisa kuwa suka zo dubiya, kowa da sabon ƙullin magani a aljihu. Na ce su ajiye a bakin ƙofa.

A ƙarshe aikin da na yi duk wannan wauta don in guje masa, shi aka yi. Ba a ma tsaga cikina ba, ta hanyar fitsarin suka bi suka kankare naman. Kafin a yi na cire kunya na tambayi likita maganar da na kwaso a majalisa. Ya gaya mini abin da kan iya canzawa da abin da ba ya canzawa, dalla-dalla, a cikin minti biyar. Ba zan shiga sirrin gidana ba, amma ban zama ɗan'uwan matata ba. Bayan na warke na koma na yi awon nan a zaune a kan kujera, da ruwa kofi biyu a cikina, na ga zanen ya hau ya sauko. Sai dai bai hau yadda likita ya so ba. Ya ce hanya ta buɗe amma injin ya gaji, kuma ba lalle ya dawo kamar da ba. Har yau in na gama sai na jira in sake, kuma duk wata shida ina kan hanyar Kano a duba ƙodata.

A zuwana na ƙarshe na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce da na zo tun farko, ko da a ce ranar nan na yi awon tsakani da Allah, da ƙwayoyi sun ishe ni? Ya ce mutane da yawa suna isarsu shekara da shekaru, wasu kuma ba sa isarsu.

"Kai kuwa, Alhaji, ba zan iya ce maka e ko a'a ba. Ba ka bari mun auna ba."

Wannan amsa ita nake kwana da ita nake tashi da ita. Na yi ciniki da mutane da yawa a rayuwata, na ci riba na faɗi, amma ban taɓa yin wanda ban san abin da na rasa a cikinsa ba sai wannan.

Shi ya sa na rubuto. 'Yan'uwana maza da suka haura hamsin, musamman mu 'yan kasuwa da muka saba gyara haja kafin mai saye ya gani: in ka ga kana daɗewa a tsugune, in zaren ya sirance, in kana tashi kana jin saura, kada ka kai maganar majalisa, kada ka rage shan ruwa, ka je a duba ka. In an ce za a auna gudun fitsarinka, ka sha ruwa yadda aka ce, kada ka ƙara ko leda ɗaya, kada kuma ka riƙe shi tun daga gida. In ba ka iya yi a tsaye, buɗe baki ka ce a ba ka kujera. In kana tsoron aiki, tambayi mai yin aikin, ba mai sayar da goro ba. Ka kai musu jikinka yadda yake, da rauninsa da abin kunyarsa. Ni na kai nawa a gyare kamar saniyar kasuwa, kuma da mafitsarar da ta rage mini zan ƙarasa sauran kwanana.